Randar da Ba a Wankewa

Akwai wata kwalba mai faɗin baki a saman kantar kicin ɗina, an ɗaure bakinta da farin ƙyalle. Duk ranar da na kwance ƙyallen, ƙamshin nan mai tsami da ɗan zaƙi a ƙarshensa ya daki hancina, sai in ji ni a lambunmu na Ranuna, ƙafata babu takalmi, ƙasa tana ƙona min tafin ƙafa. 'Ya'yana kan toshe hanci su ce wari ne. Ni kuwa ban taɓa jin warinsa ba, don a cikinsa na tashi. Ruwan khal ne, jan khal na inabi, kuma in ka ba ni aron kunnenka zan gaya maka yadda ya kusa ƙarewa a hannun mutumiyar kirki.

Lambun namu ba wani babba ba ne. Wani ɗan siririn fili ne kudu da garin Madina, ba nisa da masallacin Kuba, da rijiya a tsakiya, da bishiyoyin dabino a gefe, sai rumfunan inabi da suka bi katanga har ƙarshe. Mahaifin kakana ne ya dasa kurangar farko. Daga ƙasar Hausa ya taso a ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya yi aikin hajji, ya zo ziyara, daga nan zuciyarsa ta ƙi komawa. Ya yi wa wani mai lambu aiki har furfura ta fito masa, aka yanka masa wannan gefen. Mu tattaɓa-kunnensa mun tashi muna jin Hausa a tsakar gida, Larabci a bakin ƙofa, mu gauraya su yadda muka ga dama.

Kakana namiji muna ce masa Baba Tsoho, matarsa kuma Sitti, kamar yadda yaran unguwa suke kiran kakanninsu. Ni ce amaryar Baba Tsoho. Da ya hango ni zai ce, “Ga amaryata da ba ta iya dafa ko shayi ba,” ni kuma in ce ba na son miji marar haƙora. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu. Lokacin ɗanyen dabino kowa a layinmu sai ya ci, lokacin inabi kuwa har mai kawo iskar gas sai an cika masa leda. Abu ɗaya ne in ka taɓa za ka ga wani Baba Tsohon daban, wato randar khal.

Tana cikin wani ɗan ɗaki mai duhu a bayan rijiya, wanda ko ƙyaure ba shi da shi, buhu ne kawai aka rataya. Randa ce ta ƙasa, ta fi ni tsawo a lokacin, jikinta ya yi baƙi ƙirin da shekaru. Mahaifinsa ne ya fara zuba khal a cikinta, kuma tun daga ranar ba a taɓa ganin gindinta ba. Ana ɗiba kaɗan-kaɗan duk shekara, in inabi ya nuna a matse sabo a ƙara a kan tsohon. Saboda haka a kowane cokali akwai na bana, akwai na bara, akwai na shekarar da aka haifi babana, har da na wanda ya zo a ƙafa. Launinsa ja ne da ya yi duhu, kamar zoɓon da ya jiƙu sosai. A samansa kuma akwai wata fata mai kauri da santsi tana yawo, ita ce muke kira uwa.

Ka san ruwan inabi, in aka matse aka bar shi a zafin Madina, ba ya daɗewa zai fara kumfa ya zama abin da Allah Ya haramta. Wannan shi ne abin da Baba Tsoho yake tsoro fiye da kunama. Abin da ya gada shi ne, a ranar da aka matse, kafin rana ta faɗi, a juye sabon ruwan a kan tsohon khal mai yawa, tsohon ya rinjaye shi ya ja shi zuwa tsami, ba tare da giya ta kwana a gidan ba. Ya kan ce, “A garin Manzon Allah nake, a maƙwabtan Kuba. Ba za a tashe ni ranar gobe a ce tulun giya ya taɓa zama a ɗakina ba.” To ka ga ke nan, in babu tsohon khal, babu matsa. In babu matsa, randa ta mutu.

Shi kaɗai yake ɗiba, da wani ludayin duma da ya rataya a ƙusa. Da safe ya ɗiga mana a kan ful, dafaffen waken karin kumallo, da azumi a kan salak da sambusa, in zazzaɓi ya kama yaro a jiƙa tsumma a ɗora masa a goshi. Maƙwabci ya roƙa, zai ba shi ɗan abin da zai ci a ranar, a tace tas. Amma uwa, ko ƙanƙanin yanki, ba ta fita gidan. Ya ce gadon gida ne, in ta fita albarkarta ta bi ta. Sitti in ta ji wannan magana sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ci gaba da tsince shinkafa.

A shekarun nan aikin hajji yana faɗowa a tsakiyar zafi, daidai da nunar inabi. Wata shekara, ina 'yar makarantar firamare, bayan an sauko daga Arfa sai ga baƙuwa daga Kano. 'Yar ƙanin mahaifin Baba Tsoho ce, daga dangin da aka bari a gida, ba su taɓa ganin juna ba sai a hoto. Ta zo ziyara, jirginsu kuma bai tashi da wuri ba, Baba Tsoho ya rantse ba za ta zauna a masaukin alhazai ba alhali tana da gida a Madina. Muka sa mata suna Hajiyar Kano. Doguwa ce, mai ƙarfi, mai dariya da dukan jikinta, ga haƙorin Makka sabo fil tana ta nuna mana. Hausarta ta burge ni ƙwarai, babu ko ɗigon Larabci a ciki, mu kuwa in muka yi tamu sai ta riƙe ciki tana dariya.

Matsala ɗaya aka samu, kuma daga alheri ta fito. A wurinmu mutanen Madina, wanda ya zo ziyara baƙon Manzo ne, ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke. Ita kuma inda ta fito, mace ta zauna gidan mutane tana ci tana sha ba ta taɓa komai ba, abin kunya ne. Ta ɗauki tsintsiya, Sitti ta ƙwace. Ta zauna gaban kwanuka, mamata ta janye su. Har shanya aka hana ta kwashewa.

“Yaya, mutanen gidanka za su mayar da ni gunki,” in ji ta. “Hannuwana har ƙaiƙayi suke yi.”

Baba Tsoho ya ce, “Baƙonka annabinka, Hajiya. Ki huta, aljanna muke nema da ke.”

Ana haka sai ƙanin babana ya shirya tafiya umara da amaryarsa. Al'adarmu ce mu raka matafiyi har Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami. Muka cika motar babana da sassafe, har da tulun shayi da burodin tamis. Hajiyar Kano ta ce ƙafarta na ciwo, a bar ta ta kwanta. Sai daga baya muka gane lafiyar ƙafar ƙalau, gidan take so a bar mata.

Ina son Bi'ir Ali tun ina ƙarama. Manyan motoci jere, direbobi suna ta kiran fasinjojinsu da harsuna kala-kala, maza cikin fararen mayafai suna tafiya a hankali don kada zani ya kwance. Baba Tsoho ya yi ta tsokanar angon, yana cewa ya riƙe haraminsa da kyau. Muka sha shayi a inuwar mota, muka yi musu addu'a, muka juyo ana ta raha, rana ta take tsaka.

Tun daga ƙofar lambu muka ga canji. An share ko'ina ƙal, har ƙarƙashin rumfunan inabi. An wanke tabarmi an shanya a katanga, tukwane suna ta ƙyalli. A tsakiyar fili kuma, kusa da rijiya, ga wata randa a kife a rana, jikinta ja jawur kamar yau aka gasa ta. Wallahi ban gane ta ba. Sai da ƙamshin ya iso mana daga gindin wata bishiyar dabino, inda ƙasa ta jiƙe ta yi duhu, ƙudaje suna ta bi.

Hajiyar Kano ta fito tana goge hannu a zani, fuskarta cike da murna.

“Sannunku da dawowa. Yaya, na samu wata randa a ɗakin can, ruwan ciki ya lalace har ya yi fata, kun manta da ita. Ni da yaron maƙwabta muka kwashe muka zubar. Na dirje ta da toka da yashi, na ɗauraye da tafasasshen ruwa. Kai, ta ba ni wuya.”

Mamata ta dafe baki, babana ya sunkuyar da kai yana kallon makullin mota. Ni dai fuskar Baba Tsoho nake kallo. Ya taka a hankali har wurin randar, ya ɗora tafin hannunsa a kan gindinta, wanda ko mahaifinsa bai sake gani ba tun ranar da ya fara cika ta. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo, har da ɗan murmushi.

“Sannu da aiki, Hajiya. Allah Ya yi albarka. Ta yi kyau.”

Ya shige ɗakinsa. A ranar na san cewa mutum yana iya yin godiya alhali zuciyarsa tana kuka, kuma na ƙara son tsohon nan fiye da da.

Kafin la'asar ya tara mu ya kafa doka, kada wanda ya gaya wa baƙuwa abin da ta zubar. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji shi, kuma ba za ta koma gida da baƙin ciki daga Madina ba. Muka bi doka, amma gidan ya canza. Ya daina tsokanata. Da safe ya tura ful ɗinsa gefe ya sha shayi kawai. Inabi kuwa bai san abin da ake ciki ba, sai ƙara nuna yake, nonnansa sun yi baƙi sun yi nauyi, zanzaro da tsuntsaye sun fara rabonsu. Babana ya je kanti ya sayo kwalaben khal fari, ya ce a gwada da shi. Baba Tsoho ya shinshina ya mayar masa.

“Wannan ba shi da rai, ba zai ja komai ba. A ci wanda za a ci, a shanya saura ya zama zabibi. Bana ba matsa, kuma ina ganin an gama ke nan.”

Sirri a gidan da ke da mata da yara, ai ka san tsawon ransa. Matar maƙwabcinmu ce ta shigo neman khal don ɗanta na zazzaɓi, ta yi maganar randa a gaban Hajiyar Kano, ta ba ta tarihinta kaf tana alfahari da mu. Ina zaune na ga dariyar matar nan ta ɗauke. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta fito da jakarta a ɗaure, ta ce a kai ta masaukin alhazai, ba ta da idon da za ta kalli Yaya da shi.

A nan ne Sitti ta ajiye farantin shinkafarta. Ta ce wa Hajiyar Kano, “Ajiye jakar nan, ki jira ni.” Ta zura abaya, ta ɗauki kwandon cefane, ta ce in biyo ta.

Gidan farko na mai gasa tamis ne, mutumin Sudan. Sitti ta yi wa matarsa raɗa, matar ta shiga ta fito da wata kwalba, jan khal har wuya, ga uwa tana yawo a sama. Na buɗe baki zan yi magana, Sitti ta harare ni. Muka shiga gidan tela ɗan Chadi, nan ma aka fito da tulu ƙarami. Muka shiga gidan ungozomar da ta karɓi haihuwata, da gidan wata bazawara a ƙarshen layi. Da kwando ya cika, ta tsayar da tasi muka tafi unguwar Aziziyya gidan gwaggona, babbar 'yarta. Gwaggo ta jawo wani babban tulu daga ƙarƙashin matakala, wanda aka kai ta da shi ɗakin miji a ɓoye cikin kayan gara.

Ashe shekara da shekaru, duk Juma'ar da Baba Tsoho ya tafi Harami, Sitti takan ɗaga buhun nan ta shiga. Amarya za ta tare, mai jego, wadda mijinta ya rasu, kowacce sai ta yanka mata ɗan yankin uwa a kwalba, ta koya mata yadda ake ciyar da ita. Uwa kuma takan sake toho ta rufe wurin, shi ya sa bai taɓa lura ba.

Muka dawo bayan la'asar, muka tarar da shi zaune a ƙarƙashin rumfa yana jan carbi. Sitti ta jera kwalabe da tuluna a gabansa a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya. Ya dube su, ya dube ta. Ya ɗauki ta farko ya buɗe, ya shinshina, ya ɗiga a tafin hannu ya lasa.

“Hajja, wannan daga ina?”

“Daga randarka, Malam.”

“Duka?”

“Akwai saura, kwandon ne ya cika.”

Ya bi su yana ɗanɗanawa yana gunaguni. Na matar mai tamis ya ce an ciyar da shi dabino, na gwaggo ya ce inabin kasuwa ne, na ungozoma ya ce wannan ta kula da shi. Amma duk ya gane su, babu wanda ya ce ba nasa ba ne. Da ya gama sai ya haɗe rai, don dai kada a ce ya sauko da wuri.

“Wato shekara nawa ina kwana da ɓarauniya ban sani ba.”

Sitti ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. “Malam, shi mahaifinka da ya taso daga gida a ƙafa, da randa ya zo a ka? Ai matar mai lambu ce ta yanka masa uwa. Da ta yi irin rowarka, da me za ka yi wa mutane rowa?”

Hajiyar Kano tana laɓe a bakin ƙofa, ido duk ya kumbura, ita ce ta fara tuntsirewa. Baba Tsoho ya yi ƙoƙarin riƙe tasa, ta ƙi riƙuwa, ya yi dariya har da tari, hawaye na bin gemunsa. Ya juyo gare ni ya ce, “Amarya, kin ga irin matan da nake fama da su? Ke ma ashe da ke aka haɗa baki.”

Washegari aka yi matsa. Ba mai yawa ba, daidai abin da tsohon khal ɗin da aka tara zai iya rinjaya, sauran inabin aka shanya. Kuma a ranar babu wanda ya hana Hajiyar Kano aiki. Ta naɗe hannun riga, ta zauna gaban babban daro tana murje inabi a cikin ƙyalle, ruwan yana bin gwiwar hannunta, tana waƙe-waƙen daka irin na gida. Matan da suka ba da kwalabensu duk suka zo kallo, aka dafa shayi, lambu ya cika da Hausar Kano da ta Sudan da ta Chadi da tamu mai gauraye. Kafin magariba Baba Tsoho ya juye komai a randar, ya ɗora uwa a kai da hannunsa, ya yi bisimilla ya ɗaure baki. Ya ce sai ta yi shekaru kafin ta dawo yadda take, kuma gaskiyarsa ne, ta yi shekarun. Ya rayu har ya ɗanɗana ya ce ta kusa.

Ranar da jirgin su Hajiya zai tashi, ya shiga ɗakin bayan rijiya shi kaɗai, ya fito da wata 'yar kwalba a naɗe da tsumma. Ya miƙa mata, ya ce in babu inabi a can ta ciyar da ita dabino ko rake. Ta karɓa da hannu biyu tana hawaye. Ya ce, “Sharaɗi ɗaya, Hajiya. Don girman Allah kada ki wanke.”

Yanzu babu lambun. Gari ya ci ya cinye wurin, inda rijiya take gidajen haya ne masu hawa-hawa, in na wuce a mota sai na yi da gaske nake gane layin. Baba Tsoho da Sitti duk suna kwance a Baƙi'a, Allah Ya jiƙansu. Randar tana gidan babana, ni kuma da zan tare aka yanka min tawa uwar, a fili, ba a ɓoye cikin gara ba. Inabin kasuwa nake ciyar da ita, na san da yana nan da ya yi gunaguni.

Kwanan baya na dawo daga aiki na tarar da babbar 'yata ta yi min gyaran kicin. Kwalbata tana kife a kan abin tsane kwanuka, tana ƙyalli. Ta ce da ni cikin Larabci, tana jiran yabo, wai ta samu wani abu da ya ruɓe ta zubar. Na tsaya ina kallon gindin kwalbar, ba khal ɗin nake tunani ba, Baba Tsoho ne ya faɗo min a rai da tafin hannunsa a kan randa. Na ce mata da Hausa, “Sannu da aiki, Allah Ya yi albarka.” Sannan na ce ta zura abayarta ta ɗauko kwandon cefane, akwai gidajen da ya kamata ta sani.